Gaisuwar Suruki a Tsakiyar Tafki

A duk Hausawan da suka taka London a zamanin da kuɗin mai ke zuba kamar ruwan Agusta, babu wanda ya taɓa tafiya a kan ruwa da tafin ƙafarsa sai ni. Na faɗa, in an so in maimaita. Ƙafar nan tawa ba irin ta 'yan birni ba ce. Na taso ina taka rairayin tsakar rana ina fito, ƙaya in ta hango ni kwantawa take yi. Ranar da aka fara sa mini takalmi a makarantar kwana, takalmin ne ya yi kanta, ni ko a jikina.

Sai dai akwai ɗan gyara. Lokacin da na fara yin wannan cika bakin a bainar jama'a, ban taɓa tsayawa a kan ruwan ba ko na ƙiftawar ido. Maganar ce ta riga aikin zuwa, kamar yadda ta saba yi mini.

Gwamnatin jiharmu ce ta turo ni kwas a wata kwaleji da ke wajen Aldwych. Muna zaune ni da matata a wani flat a Peckham, saman shagon mai sayar da kifi, ɗaki biyu da bangon da in ka yi atishawa maƙwabci zai ce maka sannu. Ita tana karatun ungozoma, ga ta kuma da cikin fari, wato abin da ake koya mata da safe shi take fama da shi da yamma.

Ina da aboki ɗan wani babban ɗan kwangila, muna ce masa Alhaji Ƙarami. Uban ya aiko masa da kuɗin mota, shi kuwa ya ce mota kowa na da ita, har direban bas, sai ya sayi jirgin ruwa mai inji. Yana ajiye shi a wani tafki da ke yamma da gari, tsohon ramin da aka haƙi tsakuwa ruwa ya cika shi, jiragen sama na wucewa ta kanka kamar za su cire maka hula. Duk Asabar muna can. Akwai wani Bature gajere mai jan gemu da ke tuƙa jirgin yana koya mana zamiya: a ɗaura maka katako biyu dogaye a ƙafa, ka riƙe igiya, jirgi ya ja ka a kan ruwa. Wannan na iya shi da wuri. Na koma katako ɗaya, shi ma na iya. Har na fara ɗaga wa 'yan kallo hannu.

Wata rana Mai Jan Gemu ya ba Alhaji Ƙarami tuƙi, shi ya shiga ruwa. Muna kallo, a tsakiyar gudu, mutumin nan ya zare ƙafarsa daga katakon ya bar shi a baya, ya ci gaba da tafiya a kan ruwa ba komai a ƙafarsa. Ruwa na tashi gefe da gefe kamar an tsaga shi da garma. Da ya fito na kama ƙafarsa na duba. Fara sol, laushi kamar burodin safe. Na ce a raina, in wannan ƙafar ta iya, to tawa ai har kaya za ta ɗauka.

Ya yi mini bayani, ba wani abu mai wuya. Kana kan katako ɗaya da ƙafar dama, an sassauta maɗaurin. Jirgi ya ƙara wuta. Ka sa ƙafar hagu a ruwa, dunduniya ƙasa, yatsu sama. Ka lanƙwasa gwiwa ka yi ƙasa kamar mai neman zama a kujerar tsugunno. Sai ka zare ƙafar dama daga katakon, kamar mai cire takalmi, ka ajiye ta kusa da 'yar uwarta. Shi ke nan.

Shi ke nan a bakinsa. A jikina abu biyu suka ƙi. Na farko, ni ba na iya rage tsawo. Da jirgi ya ɗauki gudu sai in miƙe ƙyam kamar sojan da ake ɗauka hoto. Na biyu, ƙafar dama ta riƙe katakon nan kamar gadon ubanta. In ce mata sake, ta ce ba da ita ba. Ina cikin lallashinta sai yatsun hagu su nitse, sai kawai in ga sama ta koma ƙasa. Ku sani, ruwa a wannan gudun ba ruwa ba ne, daɓe ne. Yakan mare ka, ya juya ka, ya sake marinka a ɗaya kuncin don kada wani ya yi ƙorafi. Na sha ruwan tafkin nan har agwagin wurin suka fara harara ta.

Mai Jan Gemu kullum ihunsa ɗaya daga cikin jirgi: "Sit down! Sit down, man!" Wato in yi ƙasa. Ni kuma in fito ina tari in ce masa igiyar ce ta yi gajarta.

Ana cikin haka surukina ya iso daga gida, za a duba masa gwiwa a asibiti. Babban ɗan kasuwa ne, mutumin bakin kogi, yana da kwalekwale masu inji da ke jigilar kaya tun kafin in san hannuna na dama. Dogo, mai ƙarancin magana. Tun ranar da aka je nema mini auren 'yarsa ya ce yaron nan ba shi da aibu, sai dai bakinsa ya fi shi girma.

Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane yadda muke da surukai ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa kama sunansa ba, ko wani mai irin sunan na haɗu da shi sai in ce masa mai sunan Baba. In kuwa na hango shi, ko daga ina, takalmi zai fita, gwiwa za ta yi ƙasa, kai zai sunkuya. Ba ni ke yi ba, jikin ne ke yin abinsa. A filin jirgi na tuɓe takalma na tsuguna a gaban jama'a, wata tsohuwar Baturiya ta tsaya tana taya ni neman abin da ta zaci na yar. Wata rana kuma na yi kiciɓis da shi a tashar bas ta Peckham ana yayyafi, kafin in ankara ina tsugune da safa a cikin ruwa, takalmina ɗaya har ya gangara kwata.

Ashe ba gwiwa kaɗai ta kawo shi ba. Matata ce ta kawo mini saƙon, don irin wannan magana ba a yinta gaba da gaba. Baba ya ce idan zai koma da ita zai tafi, goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta kamar yadda ake yi wa kowace 'ya a cikin fari.

"To karatun fa?" na ce.

"Shi ne nake gaya maka. In na tafi yanzu sun cire ni, sai dai in sake daga farko, in ma sun karɓe ni."

"Ki ce masa ni zan kula da ke. Ga asibiti nan a bayan layi."

"Na faɗa masa."

"Ya ce me?"

Ta dube ni, ta kau da kai. "Ya ce wa ya faɗa? Na ce kai. Ya ce to shi ya sa."

Abin ya yi mini zafi, ba na ɓoye muku. Amma mai hali ba ya hutu. Ranar Lahadi bayan la'asar abokai suka cika falo, ana shan shayi, Baba yana ɗaki na ɗauka barci yake yi. Wani ɗalibin likita, sabon zuwa, ya tambayi me muke yi a tafki. Sai bakina ya kama aiki. Na ce katako ai na yara ne. Ni da tafin ƙafa nake tafiya, jirgi na gudu ina bin sa ina gyara hula. Na ce Turawa har layi suke yi su taɓa dunduniyata. Alhaji Ƙarami yana ta ƙifta mini ido, na zaci yabo ne.

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Baba ya fito da buta a hannu. Kowa ya zame daga kujera ya yi ƙasa, ni na riga kowa.

"Malam," ya ce, haka yake kira na, "da tafin ƙafa ka ce?"

"I... Baba."

"Ba katako, ba komai."

"Ba komai, Baba."

"Na tsufa a kan ruwa ban ga wannan ba. Asabar zan je in gani. In haka ne, to bakinka abin riƙewa ne, ka ce za ka iya da yarinyar nan a nan, na yarda, na bar ta. In ba haka ba ne, ta fara haɗa kayanta."

Ya wuce ya yi alwalarsa. 

Da aka watse matata ta tsaya a bakin kicin da ludayi a hannu. "Malam, tsakaninka da Allah, ka taɓa yi?"

"Saura kaɗan."

"Saura kaɗan tun yaushe?"

"Ke dai ki bar wa ƙafar nan aikinta."

"Karatuna ka ɗora a kan ƙafarka? Ƙafar da ko safa ba ta iya nemo wa kanta?"

Na kama lokaci wajen Mai Jan Gemu a tsakiyar mako, na bar lacca ta yi ta kanta. Shekarar ce aka yi zafin nan da ciyawar London ta bushe ta koma kamar ta Azare a watan bazara, tafki ya cika da jama'a, duk suka ga abin da ya same ni. Na faɗi ta gaba, na faɗi ta baya, na ƙirƙiro wata faɗuwa ta gefe da Baturen ya ce bai taɓa gani ba. Amma ko sau ɗaya ban yi shakkar kaina ba. Na san akwai gwani a cikina, ƙofar fita ce bai samu ba.

Ranar Asabar na yi sammako tun Baba bai fito ba, don in ƙara gwadawa kafin su iso shi da matata. Aka bar Alhaji Ƙarami zai ɗauko su da hantsi a motar haya. Sai wata matsala ta taso. Rigar da ake shiga ruwan da ita ta roba ce, baƙa, tana manne wa mutum kamar fatarsa, babu abin da take rufa wa asiri. Yaya zan bayyana gaban surukina a haka? Na zaro taguwata mai dogon hannu na ɗora a kai, na kafa hula.

Mai Jan Gemu ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce iska za ta cika rigar ta ja ni baya. Na ce masa gara iska ta ja ni da surukina ya gan ni kamar tarwaɗa. Bai gane ba, ya ɗaga kafaɗa ya tayar da inji.

Muka yi zagaye na farko, na faɗi. Na biyu, na faɗi, hula ta tafi yawonta, aka kamo ta. Muka shiga wani zagayen. Jirgi ya miƙe zai bi ta gaban dakalin katako da ake ɗaure jirage. Gudu ya kai inda ake so, ƙafar hagu na cikin ruwa, ta dama na manne da katakonta kamar kullum, ni kuma ina tsaye ƙyam, taguwa na kaɗawa a bayana kamar tutar makaranta. Baturen ya buɗe baki zai yi ihunsa.

Sai na hango farar babbar riga a ƙarshen dakalin.

Baba ne, zaune a kujerar ninkewa, sanda a tsakanin gwiwoyinsa, matata na riƙe masa da lema. Kuma ban gaishe shi ba ranar. Tun da gari ya waye ban gaishe shi ba. Ga shi ina tunkaro shi a tsaye, kai a sama, da abu a ƙafa.

Wallahi ban yi shawara da kowa ba. Ƙafar dama da na yi makonni ina roƙo ta zame daga maɗaurin nan sumul, kamar yadda take zamewa daga takalmi a ƙofar zaure. Gwiwoyi suka lanƙwashe. Na yi ƙasa, na sunkuyar da kai daidai gwargwado, na ɗaga murya ta fi ta inji:

"Barka da hantsi, Baba! An tashi lafiya?"

Na ga ya ɗaga hannu. "Lafiya lau, Malam."

"Ya ƙarfin jiki? Ya gwiwar?"

"Da sauƙi."

A nan ne na ji wani abu na ƙuna a tafin ƙafafuna, duka biyun, kamar ina gudu a kan rairayin garinmu. Na saci kallon ƙasa. Babu katako. Katako na can baya yana lilo shi kaɗai. Ni ne, da dunduniyoyi biyu, da ruwa yana tsagewa gefe da gefe yana tashi har kafaɗata. Ruwan ya yi tauri a ƙarƙashina kamar hanyar da aka daɓe, yana kaɗa mini ƙafa da wani irin sauri, dirr, har cikin haƙora. Mai Jan Gemu ya juyo yana dukan gefen jirgi yana ihu, "That's it! That's it!" Na ji Alhaji Ƙarami daga dakali yana kabbara.

Na daɗe a haka. In ka tambaye ni, na kai rabin tafki. In ka tambayi matata, ta ce tsawon layin shanya ne. Ku ɗauki nawa, ita lema ta tare mata gani.

Abin da ya kayar da ni ma ladabi ne. Jirgi ya wuce da ni ban ƙarasa gaisuwa ba, ban tambayi baƙunta ba, ban tambayi kwanan mutanen gida ba. Ba a juya wa babba baya a tsakiyar gaisuwa. Sai na waiwaya, na saki igiya da hannu ɗaya na dunƙule shi na ɗaga masa jinjina.

Abin da ya biyo baya ban gan shi ba, labari aka ba ni. An ce na yi tsalle a kan ruwa kamar dutsen da yara ke jefawa, taguwa ta naɗe mini kai, ƙafafun nan masu tarihi suna sama. Da aka jawo ni cikin jirgi Baturen ya rungume ni da jiƙata yana tambaya me na canza, me ya faru yau. Na nuna masa dakali na ce surukina ne ya zo. Ya ce to a riƙa kawo shi duk Asabar.

Na hau dakali ina ɗigar ruwa, kunne ɗaya ya toshe, na tsuguna nesa kaɗan na ƙarasa gaisuwar da na fara. Baba ya amsa ta duka, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya dubi tafkin. Matata ta ƙanƙame lemar nan.

"Na gani," ya ce. "Da tafin ƙafa ne." Ya juya wajen 'yarsa. "Ki zauna ki ƙarasa karatunki. Yaron da zai tuɓe takalmi ya gaida babba a tsakiyar ruwa ba zai wulaƙanta ki ba. In lokaci ya yi uwarki ta zo ta yi miki wanka a nan."

Haka kuwa aka yi. Ta gama karatunta, ta haihu a asibitin bayan layi, surukata ta zo ta mayar da flat ɗin nan gidan wankan jego, tururi na fita ta taga har mai kifi ya hau sama ya ga ko gobara ce. Ni ma kafin sanyi ya shigo na iya abin sosai, ba sai an kawo mini suruki ba. In zan zare ƙafa sai in tuna farar babbar riga, gwiwa ta yi ƙasa da kanta.

Amma ban gama muku labarin ranar ba. A hanyar komawa Baba yana gaba kusa da direba, mu uku muna baya. Na ga kansa ya jingina, na ce barci ya ɗauke shi. Ƙirjina ya cika, ba inda zan sauke. Na matsa kusa da Alhaji Ƙarami na yi ƙasa da murya, na ce ai dama na gaya musu, sirrin a dunduniya yake, irin wannan ƙafar ba a haifar ta sau biyu a ƙarni ɗaya, Turawa ma ya kamata su auna ta su ajiye a gidan tarihi. Matata tana ta taka mini ƙafar da ake magana a kanta.

Baba bai ko juyo ba.

"Malam," ya ce, "a irin gudun da jirgin nan ke yi, ko tabarma aka ɗaura wa igiya sai ta tashi a kan ruwa."